Alamar ƙusa a jikin batir: saƙo daga George Town

Shekarata ta huɗu ke nan a tsibirin Penang na ƙasar Maleshiya, kuma duk wanda ya kira ni daga gida tambayarsa ba ta wuce biyu: wai da gaske ba a ɗauke wuta? Nawa ake sayar da waya a can? Nakan amsa, mu yi sallama. Amma abin da ya tsaya mini a rai game da garin nan ba wuta ba ce, ba kuma waya ba. A wani ɗan ƙaramin garejin babura ya faru, bayan tashar jirgin fito ta George Town, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni. Na daɗe ina juya maganar a zuciya, yau dai na ce bari in faɗa muku, 'yan uwa, ko na samu sauƙi.

George Town tana kusurwar arewa maso gabas ta tsibirin, tana kallon babban yankin ƙasar. Ruwan da ya raba su a wajen tashar bai fi kilomita 3 ba. Ni a tsibiri nake kwana, aikina kuwa a tsallake yake, a wata masana'anta da ke Perai. Saboda haka kullum da sassafe nakan tura babur ɗina cikin jirgin fito a Pengkalan Weld, cikin minti goma da 'yan kai mu sauka a Butterworth. Tun 1894 ake wannan fito. A ƙarshen 2020 aka daina ɗaukar motoci, a 2023 kuma aka kawo sababbin jirage huɗu masu sauri, mutane da babura da kekuna kaɗai suke ɗauka. Mai mota sai dai ya bi gada, ko tsohuwar mai kilomita 13.5 da aka buɗe a 1985, ko sabuwar mai kilomita 24 ta 2014, ya sha cunkoso da safe ya sha da yamma. Wannan ne ya sa na sayi babur na hannu, irin ƙananan nan da suke kira kapcai, wanda kowa ke hawa a nan, daga almajirin jami'a har tsohuwa mai zuwa kasuwa.

Abin da ba a faɗa mini ba shi ne iskar teku gishiri gare ta, kuma cin ƙarfe take yi ba dare ba rana. Babur ɗin da ke tsallaka ruwa sau biyu a yini ba ya daɗewa bai nuna ba. Ran nan da safe na tashi, na danna sitata shiru, na buga kik har rigata ta jiƙe, ko tari bai yi ba. Wani maƙwabcina Bamalaye ya fito zai tafi aiki, ya ce in tura shi wajen wani tsoho Basine da ke kusa da tasha, wai shi ke yi wa nasa gyara tun yana saurayi.

Kafin in tura shi, sai na yi abin da dukanmu muka sani. Na samo ƙusa, na yi wa batir ɗan zane a gefe. Na yi wa kafireta. Na yi wa murfin fulogi. Na buɗe tanki na tsoma tsinke na auna mai. Wallahi ban zauna na yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne kawai ya yi aikinsa, kamar yadda mutum ke lalubar aljihu in ya shiga kasuwa.

Shagon yana ƙasan ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen nan na tsakiyar gari, masu shago a ƙasa da ɗakin kwana a sama, da baranda mai rufi a gaba wadda suke kira kaki lima, wato ƙafa biyar, don faɗinta ke nan. Tsohon zai haura sittin, siriri, da singileti da tabarau a kan hanci. A nan kowane dattijo ankul ake ce masa, kamar yadda za mu ce kawu ko baba. Na gaishe shi, na faɗi matsalar. Ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya ce in bar makulli in dawo ƙarfe huɗu.

Na ce a'a, Ankul, zan jira.

Ya ce akwai babura biyu a gabana, zan daɗe. Na ce ba komai. Na buga waya wurin aiki na nemi hutun rabin yini, na samu benci na zauna. Ya dube ni ta saman tabarau, bai ce uffan ba, ya koma kan aikinsa. Bai tsallake kowa don ni ba, bai kuma ja mini rai ba. Da aka zo kan nawa, idona na kan hannunsa. Ya ɗaga sifana ina kallo, ya ajiye ina kallo. Da ya shiga ciki ɗauko kaya, sai ga ni na miƙe na bi shi har bakin ƙofa. Duk yana gani.

Ashe ba wani babban abu ba ne. Bakin wata waya ce tsatsa ta cinye, sai fulogi da ya gaji. Ya yanke wayar ya sa sabon baki, ya canza fulogi, ya goge kan batir ya shafa masa maiko. Taɓawa ɗaya babur ya tashi. Ya ja sarƙar da yatsa ya ce ta kusa, amma za ta kai wata biyu, kada in ɓata kuɗina yau. Ya ɗauko ɗan littafinsa ya rubuta rasit, layi uku: kuɗin fulogi, kuɗin waya, sai layi na uku da ya rubuta upah, wato ladan aiki. Duka bai kai ringit 30 ba a kuɗin ƙasarsu. Tsohon fulogin da guntun wayar mai tsatsa ya zuba su a leda ya rataya mini a hannun babur.

Na zaro kuɗi ke nan sai ya yafito ni. Ya nuna batir da bakin sifana, daidai kan zanen da na yi. Ya nuna kafireta. Ya nuna murfin fulogi. Ya ce, cikin Turancinsa da ke gauraye da Malayanci: "Na ga alamominka. Ga su nan duka, ban taɓa ba. Batirin na juya shi yadda za ka riƙa ganin taka alamar ba sai ka sunkuya ba." Ya buɗe tanki ya ja da baya, ya ce in duba mai ma.

Ba faɗa yake yi ba. Da ma faɗa ya yi, da na samu abin riƙewa. Muryarsa a kwance take. Sai ya ƙara tambaya ɗaya, irin ta wanda da gaske yake son sani: "A ƙasarku haka ake yi?"

Bakina ya mutu. In ce a'a, na yi ƙarya, ga zane a jikin batir yana kallona. In ce e, na tsaya a gaban baƙo na tona wa gida asiri. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa kuɗi da hannu biyu, na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba komai, wai shekara arba'in yake a shagon nan, kafin shi ubansa ne a wurin yana gyaran kekuna da beca, keken nan mai ƙafa uku da ake ɗaukar fasinja. Ya ce wanda ya saci fulogi ɗaya a wannan layi, kafin azahar har masu lodin kaya a bakin ruwa sun ji.

A cikin jirgin fito ran nan ban ga teku ba, ban ga komai ba. Mutumin da bai taɓa cutata ba, na je har shagonsa na zauna masa rabin yini ina gadinsa kamar ɓarawo. Mu ne kuma muke cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba.

Da dare na kira yayana na ba shi labari. Ya ce, "To ai kai ka yi daidai, wa ya san halin mutum? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake." Na ce, "Yaya, gaskiya ne, amma ka duba yawan macizan da suka sare mu har muka kai haka." Ya yi shiru. Ba sai na ba ku labarin yadda ake a gida ba, kowa a cikinku yana da nasa, kuma na san waɗansunku suna karanta wannan ne a kan bencin gareji, ido ɗaya a waya ɗaya a kan bakanike.

Tun daga ranar na fara duban garin nan da wani ido, ina neman inda wannan hali ya samo asali. Ban yarda cewa haihuwarsu aka yi da gaskiya mu aka haife mu da ha'inci ba. Abin da na fahimta shi ne, wannan gari ne da tun farkonsa da baƙi yake ci. A 1786 wani Bature ɗan Ingila mai suna Francis Light ya karɓi tsibirin daga hannun Sarkin Kedah da sunan kamfaninsu na cinikin Gabashin Indiya, ya mai da shi tashar da ba a karɓar harajin kaya. Sai fatake suka yi ta kwararowa ta mashigin Malaka: Sinawa daga kudancin ƙasarsu, Tamilawa daga kudancin Indiya, mutanen Aceh daga Sumatara, Larabawan Hadaramautu, har da Armeniyawa. Sunayen tituna kaɗai sun isa shaida, ga Lebuh Chulia, ga Lebuh Armenian, ga Lebuh Acheh. A kan titi ɗaya za ka wuce coci, ka wuce wurin bautar Sinawa, ka wuce na Hindu, ka iso masallacin Kapitan Keling da Musulmin Indiya suka kafa a 1801. A bakin ruwa kuma har yanzu akwai unguwannin katako da Sinawa masu lodi da fito suka gina a kan turaku cikin teku, kowace zuriya da tata.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne masallacin Lebuh Acheh na 1808. A zamanin da ake zuwa Hajji ta ruwa, a wannan unguwa maniyyata daga Sumatara da kudancin Tailan da arewacin Malaya suke taruwa suna jiran jirgin Jidda, har zuwa shekarun 1970 da jirgin sama ya karɓe aikin. Mutum ya sayar da gonarsa, ya ɗauko guzurin da ya tara shekara da shekaru, ya damƙa wa dillalin jirgi da mai masauki da bai taɓa gani ba. In an cuce shi, labari zai riga jirgi komawa ƙauyensu, baɗi kuma wata tashar za a bi. Garin da ke rayuwa a kan haka dole ya nemo hanyar da mutum biyu za su yi ciniki alhali ba su haɗa harshe ba, ba su haɗa addini ba, ba wanda ya san uban wani. Hanyar ita ce rubutu da sikeli da farashi tsayayye. Ko da aka soke matsayin tashar marar haraji a 1969 garin ya shiga wani hali, abin da ya fitar da su shi ne wasu baƙin: a 1972 aka buɗe yankin masana'antu na Bayan Lepas, kamfanonin kayan lantarki irin su Intel suka zo. Su ma ba don kyan fuska suka zauna ba.

Wani abin mamaki, kalmar da Malayawa ke amfani da ita ita ce tamu sak: amanah. Rasit ma resit suke cewa. Ranakunsu Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad. Kalmomin ba baƙi ba ne a kunnenmu, aikin ne ya bambanta.

Kuma ba a bar abin ga kirkin mutum kaɗai ba, doka tana tsaye a baya. Kaya a shago dole a liƙa musu farashi. Sikelin ciniki hukuma ke duba shi duk shekara ta manna masa shaida, in ka shiga kasuwar Chowrasta sayen kifi za ka ga takardar a jikin sikelin mai kifi, allurar kuma tana fuskantarka. Akwai dokar kare mai saye ta 1999, a ƙarƙashinta akwai wata ƙaramar kotu ta musamman: da ringit 5 za ka shigar da ƙara a kan abin da bai wuce ringit 50,000 ba, kai da mai shago ku tsaya da bakinku ba tare da lauya ba. A wannan tsibiri ne kuma aka kafa Ƙungiyar Masu Saye ta Penang a 1970, wadda wani dattijo Musulmi ɗan asalin kudancin Indiya, S.M. Mohamed Idris, ya jagoranta har rasuwarsa a 2019. Kusan shekara hamsin mutum yana faɗa a kan gurɓataccen abinci da tsadar kaya da ƙazantar ruwa. Irin wannan naci ne ke sa mai shago ya san ana kallonsa.

Macuta fa akwai su. Direban tasi zai ƙi kunna mita in ya ga baƙo ne ya sauko daga jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido a tashar Swettenham. Wani abokin aikina an taɓa canza masa abin da lafiyarsa ƙalau a wani garejin motoci. Bambancin kawai, shi da abin ya same shi mamaki ya yi, ya fusata, ya bi kadi. Mu kuwa da an ce an cuci wane, tambayar farko ita ce, shi me ya sa bai tsaya a wurin ba? Wanda aka cuta shi ne wawa. Wannan ita ce cutar da nake jin ta fi satar kanta muni.

Sai dai laifi tudu ne. Layin nan na uku a rasit ɗin tsoho, upah, ya sa na tuna nawa halin. Sau nawa na tsaya ina ja-in-ja da bakanike a kan ladan aikinsa, mutumin da ya yini kwance a ƙarƙashin inji cikin rana? Kuɗin kaya mukan biya ba musu, amma da an zo kuɗin hannu sai mu ce haba malam, me ka yi a ciki, ɗan ɗaure ƙusa? Wani ya ce sai na dawo, kuma ba zai dawo ba. Wani ya kawo abin hawansa da sunan sanayya, ya tafi da godiya kawai. To mutumin nan yana da iyali, yana da yara masu koyo da ke jiran na abinci. Tun da mun hana shi haƙƙinsa a fili, sai ya ɓoye shi cikin kuɗin kaya: ya ce sabo ne alhali wanki ne, ya ce na asali ne alhali jabu ne. Mu kuma da muka gane sai muka ƙara matse shi, shi ma ya ƙara dabara. Ban wanke shi ba, ha'inci ha'inci ne, kuma yaranmu tun suna ƙanana suke haddace ayoyin da suka yi wa masu tauye mudu alkawarin azaba. Amma a nan na ga mutum ya rubuta ladan aikinsa a takarda ba kunya, mai babur ya biya ba ciniki. Wanda aka biya a fili ba shi da uzurin lalube a ɓoye.

Kada wani ya ɗauka aljanna na faɗo. Garin nan da ya koya mini kunya shi ne kuma ya shayar da ni wulaƙancin da ban taɓa sha ba, a wajen neman gidan haya. A waya komai lafiya, dillali na ta bos, bos. Da ya ce daga wace ƙasa, na faɗa, sai ka ji layin ya yi sanyi. Zan tambayi mai gida, in ji shi, shi ke nan ba za ka ƙara jinsa ba. Wasu ma a jikin tallan suke rubutawa ƙarara cewa ba sa son 'yan Afirka. Wata rana na je har ƙofar gida da takardar aikina da shaidar albashi a hannu, matar ta leƙo ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce an riga an kama. Bayan mako biyu tallan na nan bai sauka ba. A al'adarsu ana ba da ajiyar hayar wata biyu da ta rabin wata don wuta da ruwa. Ni wanda ya yarda ya ba ni a ƙarshe, na wata uku ya nema, na biya don ba ni da zaɓi.

Na san dalilinsu, ba sai an faɗa mini ba. Wasu daga cikin namu sun zo da sunan karatu sun shiga damfarar intanet da fataucin ƙwaya, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Amma sanin dalili bai rage zafin ba. Daga baya ne na lura cewa abin da matar nan ta yi mini shi ne abin da na yi wa tsoho. Ban ɗauki komai nata ba, ta riga ta yi mini alamar ƙusa. Ita ma wani maciji ne ya sare ta, ko ya sari wata da ta sani. Inda akwai rasit da sikeli da farashi a rubuce, garin nan bai taɓa tambayata launin fatata ba. Inda aka bar abin ga ganin damar mutum, can ne nake tuna cewa ni baƙo ne baƙi.

Akwai kuma farashi biyu. A asibitin gwamnati ɗan ƙasa ringit 1 yake biya ya ga likita, baƙo ringit 40. Jirgin ƙasan da ke hawa dutsen Bukit Bendera ma haka, na ɗan ƙasa daban na baƙo daban. Yana yi mini ciwo in na tuna ana cire mini haraji a albashi kamar kowa. Sai dai ko wannan a bango yake a rubuce, ba wanda zai kalli takalminka ya yanka maka nasa.

Ruwan famfo ma sun taɓa ɗauke mana. A watan Janairun 2024 aka rufe babbar matatar Sungai Dua don canza manyan bawul, yawancin jihar ta yi kwanaki ba ruwa, don mafi yawan abin da ake sha a nan daga kogin Muda yake zuwa, can tsallake. An sha wuya, an yi ta ƙorafi. Amma tun da sauran makonni aka sanar da rana, aka faɗi dalili, aka jera tankuna a unguwanni. Na cika robobina na jira. Ba a taɓa ɗauke mini wani abu a rayuwa an gaya mini tun kafin ba sai a nan.

Abin da ba doka da za ta gyara shi ne danshi. Shekara a nan ba ta da fuska biyu, zafi ne da laima daga Janairu zuwa Disamba, ga ruwan sama da ke tsananta wajen Satumba zuwa Nuwamba. Wanki ba ya bushewa. Takalmin fata in ka bar shi mako biyu sai ka tarar ya yi furfurar fumfuna. Kayan Sallata da na zo da su a ninke, na buɗe akwati na same su da ɗigo-ɗigon baƙi, na zauna a bakin gado na riƙe su na daɗe. Ban taɓa zaton zan yi kewar hunturu ba, da hazonsa da fashewar leɓe. Yanzu in Disamba ta yi, nakan tsaya a gaban jirgin fito ina neman iska mai bushewa, babu ita. Abinci kuwa alhamdu lillahi, halal ba ta wuya, tambarinta na manne a ƙofar shago, kuma shinkafar nan ta Musulmin Indiya da ake kira nasi kandar, mai romo kala-kala a haɗe, ta riƙe ni. Sukari ne dai ya yi musu yawa, har a miya. Duriyan na Balik Pulau, wani ɗan itace mai ƙaya da suke ta yabo, ni warinsa kaɗai ya ishe ni.

Kewar da ta fi ita ce ta mutane. Shekara biyu ina gida ɗaya da mutumin da ƙofarsa ke kallon tawa, iyakarmu ɗaga kai a cikin lif. Na yi zazzaɓi kwana biyar ba wanda ya ƙwanƙwasa. Gaisuwa kalma biyu ce an wuce, ba ina gajiya, ba ya iyali, ba ya muka ji da haƙuri. Na tuna bakaniken unguwarmu, wanda na tabbata ya sha yi mini 'yan dabaru, amma ranar da mahaifinmu ya rasu shi ne ya rufe gareji ya zo da yaransa, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Tsohon nan na bakin tasha ba zai taɓa cin sisina ba, kuma ban jin zai san ranar da na bar garin nan. Ina son su biyun a jikin mutum ɗaya, kuma ban ga abin da ya hana ba. Mu da muke da zumunci, muke sallah sahu ɗaya da mai gyara da mai kawo gyara, me ya sa amanar fulogi ta gagare mu?

Bayan wata biyu na koma wajensa don sarƙar, kamar yadda ya ce. Na miƙa makulli, na ce ƙarfe nawa, ya ce huɗu. Na juya na tafi, na shiga jirgi da ƙafa, na biya ringit 2. Ba zan ɓoye muku ba, yinin nan duka hankalina yana kan babur, zuciyata na ta raya mini abubuwa ina korarsu. Da yamma na tarar da shi a jingine a baranda, tsohuwar sarƙa a leda, rasit a soke a jikin madubi.

Batirin nan mai zane sai watan jiya ya mutu. Ya sa sabo, ya ɗauko tsohon zai sa mini a leda, na ce, "Ankul, bar shi, me zan yi da shi?" Ya ce ai masu sayen tsofaffin batura suna zuwa duk mako, kuɗi ne. Ya jawo rasit ɗin da ya riga ya rubuta, ya ƙara layi na huɗu a ƙasa, ya cire kuɗin tsohon batir daga abin da zan biya.